Baƙin Taki Da Ƙurjin Hantar Maigidana

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ɗora mana wannan jinya, shi kuma ya sauke mana ita. Maigidana ya tashi, yana cin tuwo da hannunsa, har ya fara leƙa gona. Na gode wa Allah godiyar da bakina ba zai iya ƙarewa ba. Amma kada mai karatu ya ɗauka na huce. Ban huce ba, kuma rashin hucewar ne ya zaunar da ni nake wannan rubutu.

Sunana Saude. Muna zaune a wani ƙauye a gefen Ƙarfi, cikin babban gida irin na gandu. Inna, mahaifiyar maigidana, tana ɗakin tsakiya. Wansa Alhaji Sabo yana sashen gabas da matarsa Yaya Larai, mu kuma muna yamma da 'ya'yanmu. Maigidana ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa. Da damina masara da waken suya suke nomawa kamar kowa a yankinmu, da rani su koma lambu a bakin rafi, su yi latas da kabeji da karas da tumatir. Lambun nasu ne su biyu, amma magana ta Alhaji ce.

Shekarar da takin zamani ya fi ƙarfin aljihun talaka, Alhaji ya samo dabara. Ya yi magana da masu yasar masai na cikin gari, su riƙa kawo abin da suka kwaso suna juye masa a gefen lambu. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tsofaffi sun yi, sai dai su sukan bar shi ya shekara, rana ta dafe shi ya koma ƙasa, sannan a watsa a gonar hatsi. Alhaji ba shi da wannan haƙurin. Ɗanye aka riƙa zuba shi a bakin hanyar ruwa, ruwan da inji ke turowa ya ratsa ta cikinsa ya malala cikin shuka. Latas kuwa ya yi kyau, kore shar, dillalan Funtua har rububinsa suke yi. A gidan ba a kiran abin da sunansa, baƙin taki ake cewa, kuma Alhaji ya ja kunnen kowa kada maganar ta fita waje, don kada kasuwa ta lalace.

Maza a lambu suke cin abincin rana. Su tsinko latas, su ɗauraye shi a ruwan nan da ke gudu, su marmasa ƙuli-ƙuli, su barbaɗa gishiri da yaji, su yi kwaɗo. Malam ya fi kowa son kwaɗon nan, kuma yakan ƙullo mana ganyen a leda ya kawo gida.

Wajen tsakiyar rani ya fara zawo da murɗar ciki. Ya je ya dawo, bai gama zama ba ya sake ɗaukar buta. Ni ke wanke masa kaya, don haka ni na ga abin da kowa bai gani ba, jini da majina a wandonsa. Na yi masa magana a ɗaki. Ya ce basir ne, kuma kada in kuskura wani ya ji. A wajenmu duk abin da ya fito ta ƙasa da jini sunansa basir, an gama magana. Ya sayo garin magani wajen masu lasifika a kasuwar Malumfashi, ya haɗa da 'yan ƙwayoyi daga kemis, ya sha kwana biyu. Zawon ya tsaya, muka yi hamdala muka manta.

Sai da ruwa ya sauka, masara ta kai noman fari, zazzaɓi ya kwantar da shi. Makon farko mai kemis ya yi masa allurar zazzaɓin sauro, jiki ya ɗan sassauta da safe, da yamma ya dawo. Mako na biyu ya daina cin abinci, zufa ta riƙa jiƙa masa riga, sai ga ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, yana hawa har kafaɗa. Ba ya iya kwanciya ta dama. In zai fita alwala a karkace yake tafiya, hannu dafe da gefensa. Alhaji ya kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ɗebi jini, aka ce taifot, aka ƙara masa ruwa aka sallamo su. Da suka dawo na tambayi Malam ko ya gaya musu zawon da ya yi da rani. Ya ce an tambaya ko yana gudawa, Alhaji ya ce a'a, kuma ai gaskiya ya faɗa tunda yanzu ba ya yi. Ya ce ma me ya haɗa ciwon gefe da basir.

A nan ne raina ya fara ɓaci, kuma har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi zafi. A wajenmu marar lafiya ba ya magana a gaban likita in babbansa yana wurin. Wansa ne bakinsa. Matarsa kuwa, wadda ta san abin da ya ci da abin da ya fitar, wadda ta wanke, ta shanya, ta ninke, ita ce ake bari a waje riƙe da kular abinci. Wanda bai taɓa ganin komai ba shi ke amsa tambaya, wadda ta gani an ce kunya ta hana ta. Wan miji suruki ne, ba a ɗaga ido a gabansa, balle a ambaci bayan gidan ƙanensa.

Mako na uku gidan ya cika da likitoci marasa takarda. Inna ta duba idonsa ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi har kwanonin gidan suka yi ɗaci. Wata goggonsu ta zo daga Tsiga ta ce sammu ne, masu hassadar lambun ne suka yi masa, tunda kowa ya ga yadda latas ɗinsu ya fi na kowa. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Aka kira wanzami ya yi masa tsaga da ƙaho a gefen da ke ciwo, ya nuna wa mutane baƙin jinin da ya fita, kowa ya ce madalla. Malam kuwa kullum ramewa yake, har zoben azurfarsa ya daina zama a yatsa.

Da wurin ya fara tasowa tsakanin haƙarƙari, wanzamin ya dawo ya lallatsa, ya ce ƙurji ne ya kusa nuna, a yi masa sakiya, wato a gasa ƙarfe a wuta a huda wurin mugunya ta fita. Alhaji ya yarda, aka sa rana. Ni ba ni da ikon hana Alhaji komai, don haka na je ɗakin Inna na durƙusa. Na ce mata an huda ƙurji a cinya na gani, an huda a hammata na gani, amma ban taɓa ganin an soka wa mutum jan ƙarfe a cikinsa ya tashi ba. Malam autanta ne. Ta aika aka kira Alhaji ta ce ba za a taɓa mata ɗa da wuta ba sai babban asibiti ya gan shi, kuma da ita za a je. Wannan alherin na Inna ba zan manta da shi ba, duk da abin da ya biyo baya.

Muka tafi wani babban asibiti a Funtua. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban, kuma kowanne sai ka tambayi wanda ke gabanka ko nan ne. Mun isa da sassafe, ba a kira mu ba sai da aka yi azahar. Malam ya kasa zama a benci, na shimfiɗa masa zanena a ƙasa ya kwanta ta hagu, mutane suna tsallake ƙafarsa. Ban ga laifin ma'aikatan ba, su ma a guje suke. Laifin wanda ya bar asibiti ɗaya da jama'ar ƙauyuka masu yawa haka nake gani.

Likitar mace ce, 'yar gajeruwa mai tabarau. Alhaji ya zauna a kujerar gabanta, aka ba Inna ta gefe, Malam a kan gado, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa inda ya dace da ni. Likitar ta danna gefensa na dama, ya saki wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba. Ta koma ta zauna ta tambaya ko a watannin baya ya taɓa zawo mai jini. Alhaji ya ce ko kusa. Ta dubi Malam, Malam ya dubi bango. Ta tambayi sana'arsa, Alhaji ya ce noman masara. Ta gyaɗa kai tana rubutu, ta ce hantarsa ta kumbura, abubuwa da dama na iya kawo haka, za a fara da gwajin jini, hoton ciki kuma akwai layi sai mako mai zuwa. Na dubi Malam a kan gadon nan, na san ba shi da mako a jikinsa. Na kuma san in muka koma gida ba magani a hannu, wanzami yana nan da ƙarfensa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Likita, ya yi. Da rani ya yi zawo da jini da majina, ni na wanke wandonsa. Kuma da rani lambu suke yi, kashin masai ɗanye ake zuba wa shukar, a ruwan suke ɗauraye latas su ci."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji ya juyo a hankali ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Saude, a gabana? A gaban Inna?"

Likita ta ajiye biro ta ce, "Alhaji, bar ta ta gama. Tun da kuka shigo yanzu ne aka gaya mini wani abu."

A ranar aka yi hoton, ita da kanta ta raka mu. Aka ga wani baƙin rami a hantarsa, girmansa ya kai lemon zaƙi. Aka ba shi gado, aka fara sa masa magani ta jijiya kafin la'asar. Washegari suka sa doguwar allura suna kallon hoton, suka zuƙo abin da ke ciki. Na gani da idona, mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi kamar jar laka da aka dama. Likita ta ce wannan ba mugunya ba ce irin ta ƙurjin fata, naman hantarsa ne da ya narke. Ta ce saura kaɗan ya fashe a ciki, kuma da an soka masa ƙarfen nan da ba mu zo asibiti da mai rai ba.

A ɗakin maza ba a barin mace ta daɗe, don haka a baranda nake wuni. A nan likitar ta same ni wata rana ta zauna kusa da ni, ta ce tunda ni na gano cutar ya kamata in san sunanta. Amiba take. Na ce tsutsar ciki ce? Ta ce a'a, tsutsa ai babbar dabba ce a kanta. Jikinmu, in ji ta, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ba su ƙirguwa, ita kuwa wannan ƙwaya ɗaya ce tal, kuma a ɗayar nan take ci, take motsi, take haihuwa. Ta nuna mini a wayarta yadda take a ƙarƙashin madubin awo. Wani ɗigo ne marar siffa, ba kai ba ƙafa ba baki. In zai tafi sai ya miƙo gefensa ɗaya, sauran jikin ya kwarara ya bi. In ya tarar da abinci sai ya kewaye shi da jikinsa ya haɗiye. Ta nuna mini wasu 'yan ɗige-ɗige a cikinsa ta ce ƙwayoyin jinin mutum ne da ya ci. In ya ƙoshi ya rabu biyu, biyun su ma su rabu, ba aure ba goyo.

Ta ce mai motsin nan ba ya jure waje, da ya fita daga jikin mutum ya mutu. Amma kafin wasunsu su fita sai su dunƙule su yi wa kansu ɓawo mai tauri, su biyo bayan gida. Masu ɓawon nan su ne masifar. Suna iya yin makonni a ruwa, a ƙasa mai damshi, a lungun ganyen latas, a ƙarƙashin farce. Ɗauraya ba ta fitar da su duka, gishirin da muke barbaɗawa ba ya kashe su, sai tafasa ko bushewa ƙarau. In mutum ya haɗiye su, ɓawon ya kare su har su wuce tumbi, su ƙyanƙyashe a hanji. Wani su zauna masa lafiya yana ta rabawa mutane bai sani ba. Wani su ci bangon hanjinsa, shi ne jini da majinar da na gani. In aka tsayar da zawon ba a kashe su ba, sai su bi jini su sauka a hanta, su yi watanni suna ci a ɓoye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ta ce da ya zo tun lokacin zawon, ya faɗi gaskiya, an auna, da maganin 'yan kwanaki ya ishe shi, mai sauƙin kuɗi, in dai an sha shi yadda likita ya tsara har ƙarshe. Saboda kalma ɗaya da aka ji nauyin faɗa na sayar da awakina, ciyawa ta cinye rabin masararmu, 'ya'yana suka kusa zama marayu. Abin da ba shi da baki ya cinye hantar mijina, mu masu baki muna zaune muna kunya.

Cikin mako guda zazzaɓin ya sauka. Malam ya riƙa ƙorafin maganin yana sa masa ɗanɗanon ƙarfe a baki, na ce ya gode wa Allah a baki ƙarfen ya tsaya. Da za a sallame mu aka ƙara masa wani magani daban, na share masu ɓawon da suka rage a hanji, aka kuma ce duk wanda ya ci daga lambun nan ya kawo bayan gidansa a auna. Na kai nawa da na yara. Aka samu a nawa da na babbar 'yata, mu da ko ciwon kai ba mu yi ba. Mai awon ta bar ni na leƙa madubin, na ga 'yan ƙananan abubuwa zagayayyu kwance shiru, kamar ba ruwansu da kowa. Muka sha magani muka gama. Alhaji ya ce shi da girmansa ba zai zuba bayan gidansa a kwalba ya miƙa wa sa'ar 'yarsa ba, kuma ba wanda zai je daga sashensa.

Ina gode wa likitar nan, Allah ya saka mata da alheri. Ina gode wa maƙwabtan da suka yi mana gayya suka ceto abin da ya rage a gona. Ina gode wa Yaya Larai da ta riƙe mini yara duk tsawon jinyar, ta yi musu wanka ta ciyar da su ba ta taɓa gori ba.

Amma da muka dawo gida, ba wanda ya ce mini sannu da ƙoƙari. Inna ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Na ji ta tana gaya wa goggon nan ta Tsiga cewa ba ta taɓa zaton za ta rayu ta ji surukarta ta ambaci wandon ɗanta a gabanta ba. A gidan suna mata suka riƙa zunɗena, wai ga marar kunyar nan. Maganar baƙin taki ta fita gari, kuma Alhaji ya ce ni na kashe musu kasuwa da gangan. Ya aiko Malam ya gaya mini sai na zo gaban dangi na ba da haƙuri. Na ce wa Malam ya ɗaga rigarsa ya dubi tabon allurar da ke gefensa, in ya ga abin ba da haƙuri a wurin ya gaya mini. Bai sake tayar da maganar ba. A ɗaki ya gode mini, har da hawaye. A tsakar gida ban ji ba tukuna.

Don haka nake gaya wa duk wadda wannan rubutu ya iske, musamman matan masu lambu. In kin ga jini a kayan mijinki ko na ɗanki, kada ki yarda a rufe maganar da sunan basir. Ganyen da za a ci ɗanye ki san ruwan da ya sha, in ba ki sani ba ki dafa shi. A wanke hannu da sabulu bayan an fito ban ɗaki, ruwan buta kaɗai ba ya isa. Masu zuba taki irin na Alhaji kuma su ji tsoron Allah su bar shi ya shekara, domin latas ɗin nan 'ya'yan mutane ne ke ci a gari.

Yanzu kaka ta yi. Kwanan nan na lura Alhaji ya daina ɗaukar buhu, in zai tafi masallaci a karkace yake tafiya. Ya ce wa mutane tsagewar ƙashi ce. Ban ce komai ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Yau da hantsi ina ɓarar masara a ƙofar ɗakina, Yaya Larai ta shigo ta zauna ta ɗauki ɗaya tana taya ni. Ta daɗe tana murzar masarar ba ta cire ko ƙwaya ba. Can ta ce, ba ta dube ni ba, tun kafin ruwa ya sauka ta ga abin a wankin Alhaji, shi ma ya ce basir ne, kada wani ya ji. Yanzu zazzaɓi ya ƙi sauka, ba ya iya kwanciya ta dama. Gobe za a kai shi Funtua, ƙanen mahaifinsu ne zai yi magana da likita, Inna ma za ta je.

"Ni bakina ba zai iya ba, Saude. Ki zo ki faɗa."

Na tambaye ta ko Alhaji ya san ta zo wurina. Ta ce bai sani ba.

"To wa ya aiko ki?"

"Inna."

Na ɗaga kai na dubi ɗakin tsakiya. Labulen ya motsa, ya koma ya tsaya. Na ce wa Yaya Larai ta gaya wa Inna zan je, amma wannan karon ba a bakin ƙofa zan tsaya ba.